Kafin Miss Glenna Ta Yage Leda

Ƙarfe biyar da rabi na safe Miss Glenna Caudill take sauka matakalar bayan ginin kotu, jaka a kafaɗa, gorar gahawa a hannu, ta buɗe ɗakin nan na ƙasa da ba shi da taga. Tun ba ta cire rigar sanyi ba take ɗaukar wayar ofis ta naɗi saƙon ranar. Muryar ba ta canjawa, ko da jajibirin Kirsimeti ne: "Barka da asuba. Yau Talata. Launin yau shuɗi da rawaya. A zo kafin ƙarfe goma." Shi ke nan. Daga ƙarfe shida, mutum tamanin da ɗoriya a gidajen tirela, wato gidajen kwano masu taya, da ƙauyukan da ke maƙale a kwazazzaban duwatsun nan namu na gabashin Kentucky za su fara buga lambar, kowa don ya ji ko an kira launinsa. Wanda aka kira, ko da ƙafa ne sai ya iso ya yi fitsari a kofi. Maza suna da nasu mai kallo. Mu mata, a gaban idon Miss Glenna muke yi.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye. Ba wanda ya kore ta. Ita ta hau sama da ƙafarta ta gaya wa alƙali cewa yanar ido ta kama ta, ba ta iya karanta ɗan layin da ke jikin kofi mai nuna ɗumin fitsari sai ta kai shi dab da hanci, kuma aikin nan na ido ne. Za a yanka mata kek a ɗakin taro, a ba ta agogon bango. Na san abin da za a faɗa: mai haƙuri ce, mai riƙon amana ce. Duk gaskiya ne. Sai dai masu faɗar ba su taɓa sauke wando a gabanta ba. Ni na sauke fiye da sau ɗari uku, don haka nake ganin ina da bakin magana.

Sunana Tressa. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka kama ni da ƙwayoyin wata tsohuwa da nake jinya, har da zoben aurenta a aljihuna. Alƙali ya yanke mini shekara biyar, sannan ya rataye su a kaina, ya ce in zaɓa: ko in tafi gidan yari yau, ko in shiga shirin kotu na wata goma sha takwas, in yi magani, in je taron masu neman daina shaye-shaye, in nemi aiki, in riƙa zuwa gabansa duk Alhamis, in yi fitsari duk ranar da aka kira launina. In na gama, a yafe shekarun. In na faɗi, in tafi in yi su cif. 'Yata Marlee tana da shekara shida a lokacin. An riga an karɓe ta an kai wa kakarta ta wajen uba, wadda take kira Mamaw, kuma an gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa hanya ɗaya ce za ta dawo hannuna, ita ce in gama shirin nan. Aka ba ni launin rawaya. Matan da na tarar a layi suka ce an dace, launin fitsari ne.

Ba na jin akwai mai baƙin jini a duk ginin kotun nan kamar Miss Glenna. Alƙali yana da riga da guduma, kuma in ka yi wata uku ba laifi yakan sa a tafa maka. Masu ba da shawara suna da kujeru masu laushi da kwalin takardar share hawaye. Ita kuwa abin da take da shi safar hannu ce da bayan gida marar ƙofa, da madubi a bango ta ɓangaren da ba ka so. Gajeruwa ce, gashi fari ƙal, ba ta dariya a bakin aiki. A wajen shan sigari muna kiranta sunaye da ba zan rubuta a nan ba, mafi sauƙinsu shi ne Sarauniyar Masai. Ta san da su. Wata rana ta leƙo ta ce, "Sarauniya ta ce wadda ta gama zuƙa ta shigo, ƙarfe goma ba ya jiran kowa."

Amma ku tambayi matan da suka wuce ta hannunta. Akwai wadda fitsari ba ya zuwa mata in ana kallo, saboda abin da wani kawunta ya yi mata tana ƙarama. Doka ta ce in awa uku ta cika babu komai a kofi, daidai yake da an kama ka. Miss Glenna takan buɗe famfo ta bar shi yana zuba, ta jingina da bango tana ba ta labarin tumatirin bayan gidanta da barewar da ke cinye mata shi, a hankali, kamar suna zaune a baranda. An ga ranar da suka kai awa biyu da minti hamsin a haka. Ba ta kawar da ido ba, ba ta kuma ce ta yi sauri ba. Shekarar da ambaliya ta cinye gadar arewa, mata goma sha ɗaya suka maƙale a tsallake, ba su da lasin tuƙi balle su zagaya ta doguwar hanya. Ita ta roƙi alƙali izini, ta loda kofuna a tsohuwar motarta, ta zagaya mil arba'in, ta kafa tebur a bayan wani coci har mako uku, don kada a rubuta wa kowa fashi.

Sai dai ba don waɗannan nake rubutu ba. Akwai wani abu da take yi wanda ba ya cikin takardar aikinta. Kowane kofi a cikin leda yake zuwa, a liƙe. Dokar kotunmu kuwa ta raba abu uku. In kin sha wani abu kika faɗa da bakinki kafin a yage ledar nan, ciwo ne, a ƙara miki magani. In kika yi shiru kofi ya tona, ƙarya ce, ki yi 'yan kwanaki a kulle. In kuwa aka kama ki da fitsarin wani a jikinki bayan an yage, an gama, ki tafi ki yi shekarunki. Na ɓangaren maza, an ce, yana yagewa tun kana bakin ƙofa. Miss Glenna ba ta yagewa. Takan riƙe ledar da hannu biyu, ta dube ki, ta ce, "Akwai abin da ya kamata in sani kafin in yage?" Kowa take tambaya, kullum, har wadda ta shekara ba ta taɓa komai ba. Muna kwaikwayon muryarta a waje muna dariya.

A wata na goma sha biyar na faɗi. Na so a ce wani babban abu ne ya faru, mutuwa ko kora daga aiki, don in sami abin jingina. Babu. Bayana ne ke ciwo a gidan soya kaji inda nake aiki, wata abokiyar aiki ta miƙo mini ƙwaya biyu ranar Asabar, na haɗiye da lemo kamar ban taɓa jin sunan kotu ba. Saura wata uku in gama. Kuma a wannan watan ne aka fara barin Marlee ta kwana wurina ƙarshen mako. Tana da shekara bakwai, haƙoranta biyu na gaba sun fita.

Ranar Lahadi da rana, kafin Mamaw ta zo ɗaukarta, na kai ta bayan gida na ce likita ne yake son ya duba lafiyarta. Ta yi a kofin shayi tana ƙyalƙyala dariya, don ba ta taɓa yi a kofi ba. Na juye a 'yar kwalbar maganin tari da na wanke, na sa a firji bayan madara. Na ce mata sirrinmu ne, kada ta gaya wa Mamaw. Ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsanta muka sarƙe.

Litinin aka kira rawaya. Na ɗumama kwalbar da 'yar jakar nan da mafarauta ke sa wa a safar hannu lokacin sanyi, na cusa ta inda mata ke cusawa, na sauka matakala. Miss Glenna ta ɗauko leda ta yi tambayarta. Na ce babu komai, Miss Glenna, ina murmushi har kunne. Ba ta yage ba. Ta tsaya tana dubana har murmushin ya fara yi mini nauyi a fuska.

"Tressa, wata goma sha biyar ina kallon yadda kike saukowa matakalar nan. Yau kin sauko kamar mai ɗauke da ƙwai a tsakanin cinya."

Na ce al'ada nake yi. Ta ce ta san kwanakina fiye da ni, kuma gaskiya ne, ta sani.

"'Yata, saurara da kyau. In na yage ledar nan na ga abin da nake zato, shekara biyar ce, ba ni ba alƙali ba wanda zai iya taimakonki. In kika ɗora shi a kan tebur ɗin nan yanzu, wata takardar ce daban. Ba sauri nake ba. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Matan da ke layi a waje sun ce sun ɗauka suma na yi. A ƙarshe na juya baya, na ciro kwalbar, na ajiye a kan tebur. Tana da ɗumi har lokacin. Miss Glenna ta mayar da ledar cikin kwali ba ta yage ba, ta jawo takarda, ta tambaye ni na wane ne, domin akwai layin da ake cikewa. Da na ce na maƙwabciya ne, ko na saya ne a tasha, da an wuce wurin. Amma kuka nake, bakina kuma ya riga ya buɗe. Na ce na Marlee ne.

Ban taɓa ganin Miss Glenna ta zauna a bakin aiki ba sai ranar. Ta zauna a kan kwalin kofuna, ta cire tabarau ta riƙe. Sai a lokacin na gane abin da na faɗa. Duk wani ma'aikacin kotu da ya ji an sa yaro cikin irin wannan, dole ne ya sanar da ofishin kula da yara. Na durƙusa a kan simintin nan mai warin maganin wanke masai. Na roƙe ta da Allah, da mahaifiyarta, da duk abin da na san tana so. Na ce ta rubuta maƙwabciya, mu biyu ne kawai a ɗakin, ba wanda zai taɓa sani.

"Kin ce in na faɗi gaskiya za ki taimake ni."

"Na ce ba za ki yi shekara biyar ba. Ban ce ba zan rubuta abin da na ji ba."

Ta mayar da tabarau ta rubuta, ina kallo. Na zage ta tas. Na ce mata tsohuwar banza wadda ba ta taɓa haihuwa ba, mai cin abinci da leƙen tsiraicin mutane. Ba ta ɗago ba. Da ta gama sai ta ce har yanzu ana bukatar nawa fitsarin, ta ɗauko sabuwar leda.

Ranar Alhamis lauyan gwamnati ya nemi a kore ni daga shirin in tafi in yi shekaruna. Miss Glenna ba ta magana a kotu, takarda kawai take aikowa. A ranar kuwa sai ta hawo, ta zauna a baya, ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta ce, "Ya mai shari'a, da hannunta ta ajiye, kuma ledar tana liƙe. Ga ta nan na zo da ita." Alƙali ya daɗe yana juya ledar nan. Ya ba ni kwana goma a kulle, kwana ashirin da takwas a gidan jinya, sannan in koma farkon shirin kamar yau na shigo. Na tsira daga shekara biyar. Amma takardar ta riga ta tafi kotun da ke duba riƙon yara. Aka tsayar da ziyara. Bayan wata takwas aka ba Mamaw riƙon Marlee na dindindin, kuma ban ga laifin alƙalin da ya yi haka ba, ko da yake a lokacin na ga laifin kowa.

Shekara biyu na ƙara a shirin. Sau biyu, sau uku a mako ina sauka matakalar nan in sauke wando a gaban matar da nake ganin ita ta raba ni da 'yata. Ban ce mata ko sannu ba. Ita kuwa kullum sai ta riƙe leda ta yi tambayarta, in girgiza kai, ta yage. Ban sake shan komai ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah ne ya hana ni da farko ba. Tsabar ƙiyayya ce. Na rantse ba za ta sake samun abin rubutawa a kaina ba.

Daga baya, a wajen taronmu na masu daina shaye-shaye na ranar Laraba, na haɗu da wata mata da ƙanwarta ta taɓa shiga shirin a shekara ta biyu da fara aikin Miss Glenna. Sunan ƙanwar Dreama, shekararta ashirin da uku, tana da goyo, saura mata wata ɗaya ta gama. Miss Glenna ta ga kwalba a jikinta, ta tausaya, ta juya ta dubi bango har aka cika kofi. Aka rubuta cewa fitsarinta tsaf yake. Bayan kwana tara aka tsinci Dreama a mota a bakin wani kanti, allura a hannu, jikinta ya yi sanyi. Matar ta ce Miss Glenna ta zo jana'iza, ta ja mahaifiyarsu gefe ta gaya mata abin da ta yi, alhali ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya tambaye ta. Uwar ta mare ta a gaban mutane. Washegari Miss Glenna ta buɗe ɗakinta ƙarfe biyar da rabi. Na ji labarin, na ji tausayi, amma ban yafe ba. Na ce a raina ni aka sa na biya kuɗin Dreama, kuma da 'yata na biya.

Mu goma sha huɗu muka shiga shirin a shekarata. Biyar sun mutu. Uku suna gidan yari. Biyu ban san inda suke ba. Ba na son kowa ya karanta wannan ya ɗauka kotun nan tana warkar da mutane kamar asibiti, don yawanci jinkirta kabari kawai take yi, wani lokaci jinkirin ya isa mutum ya farfaɗo. Ni yau shekarata goma sha ɗaya ban taɓa komai ba. Ina aiki a wurin wankin kaya. Marlee ba ta sake kwana a ƙarƙashin rufina ba ko sau ɗaya. Mamaw ta bar ni ina ganinta a coci da ranar haihuwarta, tun tana ɓuya a bayan siket har ta fi ni tsawo.

Makon jiya ta zo wurin aikina da motar kakarta. Za ta gama sakandare, kuma kowane ɗalibi tikiti huɗu ake ba shi na bikin yaye ɗalibai. Ta miƙo mini ɗaya. Muka zauna a motar, injin a kashe, tana ta murza sitiyari da babban yatsa. Ta ce ta tuna kofin shayin, ta tuna launinsa, kuma ta daɗe tana zaton ita ta yi laifi, tunda bayan ranar ne aka daina kawo ta wurina. Ta ce da ta cika sha takwas ta nemi takardun shari'arta ta karanta, har da wadda Miss Glenna ta rubuta da hannu.

"Mama, in tambaye ki, kada ki yi mini ƙarya. Da matar nan ba ta rubuta ba, sau nawa za ki sake sa ni?"

Bakina ya riga ya shirya cewa ko sau ɗaya. Sai na tuna abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mai ba ni shawara, ko fasto. A wannan Lahadin, bayan Mamaw ta tafi da ita, na wanke kwalba ta biyu na kife ta a kan taga ta bushe, don ƙarshen mako mai zuwa.

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta sani. Ba ta karɓe tikitin ba.

Miss Glenna, ke ce kika tsaya a inda ba wanda yake son tsayawa. Ke ce mai ba mutum minti ɗaya ya ceci kansa, kuma ke ce ba kya sayar da gaskiya ko an durƙusa miki. Shekara goma sha ɗaya ina cewa kin raba ni da 'yata. Ashe yarinya 'yar shekara bakwai kika cire daga hannun uwar da ta mayar da ita abin yaudarar kotu, a ranar da babu wani a duniya da ya san tana bukatar a cire ta. Na zage ki da rashin haihuwa. Ki yafe mini wannan, in za ki iya.

An ce wata matashiya aka ɗauka ta gaje ki. 'Yar'uwa, ban san sunanki ba, amma ga roƙona gare ki da duk mai irin wannan aiki, a kotu ko asibiti ko makaranta. Kada ki yi gaggawar yagewa, ki ba mutum damar ya faɗa da bakinsa. In kuma ya faɗa, ki rubuta yadda kika ji. Za su yi miki kuka, za su kira sunayen 'ya'yansu, za su tsane ki shekara da shekaru, wasu ma za su mutu suna tsanarki. Ki rubuta duk da haka.

Ranar Asabar za a yi bikin a filin ƙwallon makaranta. Kujerata tana layin baya, kusa da shinge. In aka ce iyaye su miƙe a tafa musu, Mamaw ce za ta miƙe, kuma ita ta cancanta. Ni zan zauna a inda aka ajiye ni, da raina, da hankalina, in ga an kira sunan 'yata ta taka ta karɓi takardarta. Iyakar abin da ya rage mini ke nan, kuma ba don ke ba da ko shi babu. Na gode, Miss Glenna.